Na Je Ɗauko Ummi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Da na zauna a teburin mai shayi a Karaye sai a taso ni: "Sabi'u, wai da gaske ne can mutane a kan ruwa suke kwana?" "Wai ka ga kifin da ya fi motar Rogo tsawo?" A wurin aiki ma, tunda ni malamin gona ne a Rogo, an laƙaba mini Ɗan Solomon. Kullum rabin labarin nake bayarwa, rabin da ake dariya, in haɗiye sauran. To yau ga shi duka, wanda ya karanta ya taimaka ya ƙyale ni.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Babban wanmu, Yaya Lawan, malamin lissafi ne. Ya tafi ƙaro karatu Ingila, daga can ya samu aikin koyarwa a Tsibiran Solomon, can gaba da Ostireliya, inda ko a taswira sai ka matso da fitila kafin ka gan su. Ya yi aure a can, aka haifa masa 'ya mace, ya sa mata sunan mahaifiyarmu Inna, wato Hauwa'u. Tunda ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, sai yake kiranta Ummi. Sau ɗaya ya zo gida, shi kaɗai, ya ce zuwa na gaba da su zai taho. A shekarar da aka gama dam ɗin Challawa saƙo ya iso cewa kwale-kwale ya kife da shi a teku, ba a ga gawarsa ba. Muka yi zaman makoki babu maƙabartar da za a je.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗakinta. Kawu Sule, ƙaninta na Zoza, yana zaune.

"Ba a ba ni gawarsa ba," in ji Inna. "To a ba ni 'yarsa."

"Ai 'ya ta uba ce," in ji Kawu. "Marainiyar Musulmi ba za ta tashi inda ba a kiran salla ba. Ka je ka gaida surukinsa cikin ladabi, ka yi masa magana ta manya, ka riƙo hannunta ku taho."

Hakkin Yaya da makarantarsu ta aiko, Inna ta rantse ba zai shiga cikinta ba, da shi aka yanki tikiti. Aka cika mini jaka: kilishi, kuka, daddawa, farin goro na kai wa surukai, babbar riga da hula na uban matar, atamfa ta matar, sabulai na uwarta, 'yar riga da 'yan kunne na Ummi. Sannan Inna ta ari rakoda, ta kori kowa daga ɗaki, ta yi wa jikarta magana a kaset. Tun kafin in tashi ta sayi 'yar tunkiya ta ɗaure a tsakar gida, ta ce ta Ummi ce.

Daga Karaye zuwa Kano taya ta fashe mana a hanyar Gwarzo, na ce to, an fara. Jirgin sama kuwa ba abin da zan ce a kansa sai zama. Kano zuwa Landan, Landan zuwa Singafo, Singafo zuwa Birisben ta Ostireliya, har ƙafafuna suka kumbura, takalmin ya ƙi shiga. Agogona yana cewa azahar, taga tana nuna dare. Sallolin hanyar nan Allah kaɗai ya san yadda na harhaɗa su.

A Birisben aka yi mini tsirara ba tare da an taɓa rigata ba. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Wata Baturiya da safar hannu ta zuge jakar, ta ɗago ƙullin kuka, ta shinshina, ta kira wani, shi ma ya shinshina. Na ce musu miya ce. Da ta kwance daddawa kuwa sai da ta ja da baya. Suka ce dokar ƙasar ta hana shigo da nama da ganye da iri, ko da wucewa kawai mutum zai yi. Ina ji ina gani aka zuba kilishin da Inna ta aika har Kano aka saya a cikin kwandon shara. Na roƙi goron, na ce a wurinmu ba a zuwa gidan surukai hannu biyu babu shi. Matar ta ce ta tausaya mini, ta jefa shi kan kilishin.

Honiyara, babban birnin Solomon, bai kai unguwa guda ta Kano ba. Zafinsa ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙen zafi ne, ka yi wanka ka fito ka ga kamar ba ka goge jiki ba. Mutanen baƙaƙe ne kamarmu, har na kusa yi wa wani sallama da Hausa, sai dai za ka ga yaro baƙi wuluk da gashi ja-ja kamar gemun masara. Yarensu na kasuwa ɗan uwan broka ne, wanda ya taɓa ciniki a Sabon Gari zai tsinci abin da ake cewa. Su ma suna da goronsu, wani ɗan kore da suke tauna wa da ganye da farin gari kamar alli, baki ya yi ja zur, a tsartar ko'ina. Na ɗanɗana don in san abin da zan kai wa surukai. Kaina ya juya, na dafa bango, mai tallan tana ta dariya. Shi na saya a madadin namu.

Na sauka a wani gidan baƙi tare da Turawa 'yan yawon duniya. Abin da ya kawo su shi ne nutso. Wai a yaƙin duniya na biyu jiragen ruwa da na sama masu yawa sun nutse a gaɓar nan, yanzu kifaye sun mai da su gida, su kuma suna goya tulun iska a baya su sauka kallo. Wani a cikinsu ya ce in zo ya koya mini. Na ce masa ruwan nan ya riga ya ci mana mutum ɗaya. Abin da ya fi damuna a garin shi ne alƙibla. Can yamma take, wajen faɗuwar rana. Na tsaya salla ina bin allurar nuna alƙibla da wani malami ya ba ni a Kano, amma zuciyata tana ta gaya mini na juya wa gabas baya.

Daga nan sai jirgin ruwa zuwa tsibirin Isabel. Jirgin kaya ne, an loda buhunan shinkafa da gangunan kananzir da aladu ɗaure a kwando, mu kuma muka shimfiɗa tabarmi a tsakani. Ni da ban taɓa hawa ruwan da ya wuce na fiton kogi ba, muna fita fili cikina ya ce bai san zancen ba. Na yi amai har ya koma ruwa tsantsa. Wata mata mai goyo ta ɓare ɗanyar citta ta miƙo mini. Da na ɗan farfaɗo na ga abubuwa. Akwai ƙananan kifaye masu fiffike da suke tashi sama kamar fara su sake faɗawa. Akwai wasu manya masu dogon baki da suke tsere da jirgi suna tsalle, yara na yi musu tafi. Kowa yana murna, ni kuwa duk abin da ya motsa a ruwan sai in ce ko shi ne ya ci Yaya.

Ƙauyen matarsa ɗan ƙarami ne, bukkokin ganye a kan dogayen turaku, bakin ruwa, kwakwa ta yi musu rumfa. Kwale-kwale ya sauke ni, na tako cikin ruwa da wandona a naɗe. Duk wanda ya san mu ya san ni da Yaya kamar an tsaga kara, har tafiya. Sai na ga wata yarinya 'yar shekara bakwai ta yar da abin da ke hannunta ta sheƙo da gudu tana ihu, "Baba! Baba!" Saura kaɗan ta iso ta ci birki. Ta dube ni tun daga hula har ƙafa. Ta juya a hankali ta koma ta ɓuya bayan uwarta. Na sha ganin mutuwa, amma ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba.

Uwar, Lina, tana aiki a ɗakin shan magani na ƙauyen, tana jin Turanci sosai. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Sannu da zuwa, ƙanin miji," da Hausar da Yaya ya koya mata. Ɗakinsa aka sauke ni. Butarsa tana nan, dardumarsa a ninke a kan igiya, ba wanda ya taɓa.

Ba su rage ni da komai ba. Abincinsu rogo ne da gwaza da dankali, sai kifi da ruwan kwakwa, a naɗe a ganyen ayaba a binne cikin duwatsu masu zafi. Ba yaji, ba manja, ba tuwo. Tukunyata daban suka ware, wadda Yaya yake ci a ciki, alade bai taɓa shiga ba. Ran nan aka kawo mini wata ƙaguwa mai girman faranti, wai ita ce ke hawa bishiya ta fasa kwakwa, abincin babban baƙo. Na ce Allah ya amfana, na ƙoshi. Banɗaki kuwa wata 'yar rumfa ce a kan ruwa, ana bin gungume a kai gare ta, kifaye na jira a ƙasa. Daga ranar na rage cin kifi.

Na bi maganar Kawu sau da ƙafa. Uban Lina dattijo ne mai fara'a da jan baki. Na je gabansa na tsuguna, na miƙa goronsu, na sa masa babbar riga da hula, maza suka taru suna shewa. Uwar Lina, wata siririyar tsohuwa da kullum take zaune a gindin turaku tana kankare kwakwa, daga nesa na gaishe ta, na aika mata da sabulanta, kamar yadda ake yi wa suruka a gida. Kullum da hantsi ina wurin dattijon. Na yi masa zancen zumunci, na yi na maraici, na yi na tsohuwar da ke jira a Karaye, na ce yarinya jininmu ce, gidan ubanta yana kiranta. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya tsartar da jan yawu. Gobe haka, jibi haka. Har na fara jin haushi, na ce a raina tsohon nan ya karɓi riga yana yi mini wasa da hankali.

Lina ce ta tare ni a bakin ruwa.

"Ƙanin miji, me kake nema wurin babana?"

"Izinin tafiya da Ummi."

"Babana baƙo ne a garin nan. Aure ne ya kawo shi daga wani tsibiri, ko bishiyar kwakwa ɗaya ba shi da ita. A nan ƙasa ta mata ce, ruwan ma nasu ne, 'ya'ya kuma dangin uwa suke bi. Kunya ce ta hana shi gaya maka. Wadda ya kamata ka tambaya tana jin duk abin da kake faɗa tun ranar farko."

Na waiwaya. Tsohuwar tana gindin turaku tana kankarar kwakwa, tsakaninta da inda nake zama da dattijon bai fi tsawon tabarma biyu ba. Kwana da kwanaki ina roƙon jikarta a gabanta, ina ba wa wani labari.

Na je na tsuguna na ba da haƙuri. Ta ajiye kwakwar, ta ɗauki filafili, ta nuna mini kwale-kwale. Na ce wa Lina ban iya ruwa ba. Ta ce, "Ta sani. Yayanka ma bai iya ba da ya zo."

Muka shiga mu huɗu, tsohuwa a baya tana tuƙi, Lina tana fassara, Ummi a goshi, ni a tsakiya na ƙanƙame katako ina karanta duk addu'ar da na sani. Ruwan wurin kwance yake, garai-garai, kana ganin ƙasa. Ku da kuke tambayata abin da na gani, to a nan na gan shi. Murjanin da matanmu suke ɗaurawa a wuya, ashe tsirowa yake yi a ƙarƙashin teku, dawa guda, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai. Kifaye shuɗi da rawaya da masu zane suna kai da kawo a ciki. Akwai wata ƙumba da ta kai turmi, baki buɗe. Kunkurun ruwa ya wuce ta ƙarƙashinmu ba ya ko sauri. Can gefe wata dabba mai kama da ayu ta ɗago hanci ta yi numfashi ta koma kiwonta. Abin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, kuma kyan nasa haushi ya ba ni.

Ban ankara ba sai na ji tsulum, Ummi ta faɗa ruwa. Na ƙwalla salati na miƙe, kwale-kwalen ya yi tangal-tangal, Lina ta janyo rigata. Ina kallon yarinyar tana sauka, idonta buɗe, kifaye na darewa, ta ɗauko wata katantanwa ta taso tana dariya. Dariyar Yaya ce sak.

Tsohuwar ta riƙa nuni da filafili. Daga wancan dutse zuwa wancan tsibirin, na uwarta ne, uwarta ta gada wurin tata uwar. Daga ita sai Lina, daga Lina sai Ummi. Sannan ta tuƙa mu har inda murjanin ya ƙare, inda ruwan ya koma baƙi, igiyoyi na dukan duwatsu da ƙara kamar aradu. Ta tsai da kwale-kwalen.

"Ta ce a nan ne," in ji Lina. "Suna dawowa daga makaranta iska ta taso. Su biyu ne, mijina da Pita, ƙanina. Shi ke nan ɗanta namiji. Shi ma ba a gan shi ba."

Wallahi ban sani ba. Saƙon da ya zo mana bai ambaci kowa ba sai namu, mu kuma ba mu tambaya ba. Na ɗaga hannu na yi wa Yaya addu'a a kan ruwan, su suka sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta yi tambaya, Lina ta juya mini. "Wai jikokin mahaifiyarka nawa?"

"Suna da yawa," na ce. "Gida cike."

Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna Ummi.

Ban sallama nan take ba. Na ce to addininta fa? Ubanta Musulmi ne, wa zai koya mata salla? Lina ta ce ranar Lahadi yarinyar tana bin ta coci, ba za ta ɓoye mini ba, amma ba ta taɓa ba ta alade ba, kuma ba za ta ba ta ba. Ta ce yarinyar ta iya wani karatu da ubanta yake yi. Ummi ta karanta Fatiha da muryar 'yan makarantar allon Karaye, ta kai tsakiya ta tsaya. Nan ubanta ya tsaya da ita.

Da la'asar na kunna musu kaset ɗin Inna, ƙauyen duka ya taru. Ni ma ranar na fara jin sa. "Ummi, takwarata, kishiyar kaina," in ji Inna, tana ƙoƙarin wasan kaka da jika, muryar na rawa. Ta ce ta saya mata tunkiya, ta ce ɗakin ubanta yana nan an share, ta ce ta zo ta rufe mata ido. Daga nan magana ta ƙare, sai shessheƙa, kaset na ta juyawa. Ban fassara ba, ba kuma wanda ya nema. Tsohuwar ta matso ta ɗora tafin hannunta a kan rakodar har ta tsaya. Ta ce a gaya mini in yarinya ta girma ta ce za ta je, ita da kanta za ta tuƙa ta zuwa jirgi. Amma yanzu a'a.

Na tambayi Ummi ko za ta bi ni. Ta ce akwai teku a garinmu? Na ce akwai dam. Ta ce Baba yana can? Na ce ba ya can. Ta ce to ita za ta jira shi a nan.

Sauran kwanakin da jirgi bai zo ba na ƙarasa mata Fatiha da Ƙulhuwa, na nuna mata alwala da butar ubanta. Ko za ta riƙe, ban sani ba, kuma abin yana cina har yau. Ranar tafiya na sa mata 'yar rigar da 'yan kunnen, na juya kaset ɗin Inna ta ɗaya bayan, na ce ta gaida kakarta. Ɗakin ya cika da masu sallama, sai muka fita bakin ruwa muka ɗauka a can.

Dawowa ba ta da labari. Karen Birisben ya shinshina jakata ya wuce.

Na iso Karaye da yamma. Yara suka yi ta "Oyoyo!" Inna ta fito har zaure, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ba ni ta duba ba, bayana ta leƙa. Kawu Sule ya fara faɗa, wai an aiki namiji ya je mata sun juya shi. Inna ta ce ya yi shiru. A ɗaki na gaya mata komai, har da Pita. Ta yi salati, ta ce, "Ashe ita ma." Sannan na kunna kaset.

Muryar ta fito siririya: "Inna, ina wuni. Ni ce Ummi." Sai Fatiha, tun daga farko har ƙarshe. Amma a bayan muryar akwai wata ƙara mai tasowa tana faɗuwa, wani lokaci har ta danne karatun. Ni da na ɗauka ban lura da ita ba sai a ɗakin nan.

"Rakodar ce ta lalace?" in ji Inna.

"A'a, Inna. Tekun ne."

Ta janye hannunta daga kan rakodar kamar ta taɓa wuta. "Shi ne wannan?"

"Shi ne."

"Kashe."

Na kashe. Tunkiyar tana kuka a tsakar gida. Can Inna ta goge fuska da bakin mayafi.

"Ba yadda za a yi a cire shi, a bar mini ita kaɗai?"

Na ce babu.

"To mayar da shi farko," in ji Inna.